Koyar da Kemistiri a Ajin Ƙarshe na Sakandare: Darasi daga Gonakin Kura da Bunkure

A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna cewa yawancin abin da manhaja ta ɗora wa ɗalibin kemistiri a ajinsa na ƙarshe yana nan shimfiɗe a ƙofar gidansu, idan dai ɗan ƙasar Kura ne ko Bunkure. Muna ganin rashin amfani da wannan dama yana daga cikin dalilan da suka sa yara suke ɗaukar darasin a matsayin hadda kawai, su rubuta jarrabawa su manta.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, noman rani ya zama sana'ar mutanen wannan yanki. Ruwa yana gangarowa ta babbar hanya zuwa Kadawa da kewayenta, ana shuka alkama da shinkafa da tumatir da albasa. Shekara guda bayan kafa hukumar, watau 1977, Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ke nan gona da ɗakin gwaje-gwaje kusan tare suka taso, amma ba kasafai malami yake haɗa su a darasi ɗaya ba.

Bari mu fara da taki. A aji uku na babbar sakandare ana buƙatar ɗalibi ya iya lissafa kason kowane sinadari a cikin haɗi. Nauyin ƙwayar yuriya 60 ne, kuma 28 daga ciki naitirojin ne, watau kimanin kashi 46 cikin 100. Saboda haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Shi kuwa takin da manoma suke kira kamfa, wanda aka rubuta 15-15-15 a jikin buhunsa, kilo 7.5 kacal yake da shi. Sai an zuba buhu uku na kamfa kafin a kusa kamo naitirojin ɗin buhu ɗaya na yuriya, ko da yake kamfa yana da fosfaras da fotasiyam waɗanda yuriya ba ta da su. Yaron da ya yi wannan lissafi a allo ya yi abin da jarrabawar WAEC take nema, ya kuma san abin da mahaifinsa yake saye da kuɗinsa.

Daga nan hanya a buɗe take zuwa babin da ɗalibai suka fi jin tsoro, watau daidaituwar haɗuwar sinadarai da ƙa'idar Le Chatelier. Daga amoniya ake yin yuriya, ita kuma amoniya ana samun ta ne ta hanyar da Fritz Haber ya nuna a Jamus a 1909, wadda Carl Bosch ya mayar aikin masana'anta a 1913. Amma manomi yana ganin ƙa'idar a gonarsa. Idan aka watsa yuriya a bisa ƙasa mai ɗanshi, musamman mai kanwa-kanwa, aka bar ta a rana ba a tona an rufe ba, sai ta rikiɗe ta saki amoniya. Iska tana kwashe abin da ya fita, haɗuwar tana ƙara karkata wajen sakin wani, har wani ɓangare na takin ya salwanta. Wannan ne dalilin da ya sa malaman gona suke cewa a binne ta.

Misalin da ya fi burge mu shi ne rini, domin tun kafin a yi zancen Tiga an san Kura da turkuɗi, wanda fatake suke kai wa Buzaye har cikin sahara. Shunin baba ba ya narkewa a ruwa. Marini yakan haɗa shi da ruwan toka da katsi a cikin karofi, ya bari ya kwana da yawa. Tokar tana mayar da ruwan alkali, ƙananan halittun da suke ruɓar da haɗin kuma suna ba wa shunin ilektiron, sai ya koma wani kama mai narkewa wanda yake shiga cikin zare. Zane yakan fito daga karofi da launin kore-kore, yana shan iska sai oksijin ya karɓe ilektiron ɗin, ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo, ya kuma maƙale. Ba mu san wani gwaji a littafi da ya kai wannan bayyana bayarwa da karɓar ilektiron ba, ga shi ba ya buƙatar wutar lantarki.

Dole ne mu faɗi iyakar wannan hanya. Gona da marina ba za su maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje ba. A jarrabawar aiki da hannu za a ba ɗalibi bututun awo, a ce ya ɗiga asid a cikin alkali har launi ya juya, ya karanta ma'auni daidai, kuma wanda bai taɓa riƙe kayan ba sai ranar jarrabawa hannunsa zai yi rawa. Haka nan da Turanci za a tambaye shi. Shawararmu ita ce malami ya fara bayani da Hausa a kan abin da yaro ya sani, sa'an nan ya ba shi sunan abin da alamominsa kamar yadda za su zo a takarda. Inda kayan aiki suka yi ƙaranci, ruwan kanwa da ruwan tsamiya da jiƙon zoɓo, wanda yake ja a cikin tsami ya koma kore a cikin kanwa, sun isa a fara koya wa aji gane juyawar launi tun zangon farko, kafin a kai ga awo na sosai.