Shin Ko Kun San? Kiɗan da Ke Ɓoye Cikin Duwatsun Disneyland

Shin ko kun san cewa a Disneyland, dandalin wasannin nan da aka buɗe a garin Anaheim na jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yuli, 1955, ba kowane dutsen bakin hanya ne dutse ba? Wani lasifika ce aka yi wa rigar dutse. Wasu an cusa su cikin furanni, wasu a jikin fitilun titi, don mutum ya ji kiɗa bai ga mafitarsa ba.

Kun san kowace unguwa a dandalin da nata kiɗan? A titin Main Street, kiɗan Amurkar farkon ƙarni na 20 ne ke tashi. Kana karya kwana zuwa Adventureland sai ya dusashe a hankali, ganguna su karɓa. Kamar yadda kalangu ke shaida maka ka iso rumfar mahauta tun ba ka hango nama ba, haka kunne ke riga ido sanin an sauya wuri. Daga shekarun 1970, Jack Wagner, mai yin sanarwar dandalin, shi ya riƙa tace waɗannan kaɗe-kaɗe yana jera su.

Shin ko kun san hayaniya ce ta haifi waƙar "It's a Small World"? An shirya wasan da ke ɗauke da wannan suna ne domin baje kolin duniya na birnin New York a 1964, kuma da farko an so 'yan tsanan kowace ƙasa su rera taken ƙasarsu. Da aka gwada, kowa na jan nasa, babu abin da kunne ke tsinta. Sai Walt Disney ya nemi wa da ƙani, Robert da Richard Sherman, su tsara waƙa guda wadda za a iya rerawa da harsuna daban-daban ba tare da ta ci karo da kanta ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne gidan fatalwa na Haunted Mansion, wanda aka buɗe a 1969. Karin waƙa ɗaya tak Buddy Baker ya tsara, amma ya yi ta sauya masa riga. A zaure za ka ji shi da nauyi, a sanyaye, kamar ana rakiyar gawa. A babban falo ya zama kiɗan rawa, fatalwowi na juyi bibbiyu. Kafin ka isa maƙabarta ya rikiɗe ya koma kiɗan shagali, har da masu waƙa. Tsoron da ka shigo da shi ya zama dariya, alhali karin da ya tarbe ka a ƙofa ne bai rabu da kai ba. Wannan gwaninta ce ta gaske.

Kun san a jerin gwanon fitilu na Main Street Electrical Parade, wanda aka fara a 1972, an yanka titin kashi-kashi, ta yadda lasifikokin kowane kashi ke ɗaukar kiɗan motar adon da ta iso gabansu?

A dandalin Efteling na ƙasar Holan kuwa, wanda aka buɗe a 1952, kiɗan daga cikin siffofin naman kaza yake fitowa. Yara kan durƙusa su kara kunne.

Shin ko kun san wani lokaci janye kiɗan ake yi da gangan? Da aka buɗe unguwar Star Wars ta Disneyland a 2019, John Williams ya tsara mata kiɗa na musamman, har ya ci kyautar Grammy a 2020. Amma masu yawo a kasuwarta a lokacin ba shi suke ji ba. Rugugin jiragen sararin samaniya suke ji a bisa kansu, da kukan baƙin halittu, da kiɗan da ke fitowa daga wata mashaya inda mutum-mutumi ke juya faifai. Masu ginin sun so baƙo ya ji shi mazaunin garin ne, ba ɗan kallon fim ba.