Mene ne Aikin Injiniyan Gona?

Ƴan'uwa manoman Dogo-Dogo, damina ba ta cika wuce wata 4 ba, amma iyali na neman tuwo wata 12. Aikin injiniyan gona shi ne taimaka wa manomi ya cike wannan giɓi.

Ɗalibin da ya ci jarrabawar bak yana iya shiga tsangayar noma ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Bayan shekara 3 sai ya samu lisans. A can zai koyi awon fili, da lissafin ruwan da shuka ke buƙata, da ban-ruwan garka lokacin rani, da dabarun hana zaizayar ƙasa.

Saboda haka, mu bar yaranmu, maza da mata, su zurfafa karatu. Ilimin da suka samo, gonarmu zai amfana.