Shirin Musamman: Harvey Littleton, Malamin da Ya Kai Narkakken Gilashi Aji

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirinmu na yau zai kai mu Amurka, wajen wani maginin tukwane da ya koma sarrafa gilashi, kuma ya yaye ɗaliban da suka baza wannan sana'a a duniya. Sunansa Harvey Littleton.

An haife shi a 1922 a garin Corning na jihar New York, garin da kusan kowa ke ci daga masana'antar gilashi. Mahaifinsa, Jesse Littleton, masanin kimiyya ne a kamfanin Corning. Wata rana ya kawo wa matarsa Bessie gindin wani tulun gilashi mai jure zafi, ita kuwa ta gasa kek a ciki bai fashe ba. Wannan gwaji na cikin abubuwan da suka haifar da kwanukan Pyrex, waɗanda suka shiga kasuwa a 1915. To, a irin wannan gida Harvey ya tashi, kuma tun yana yaro yake jin abu guda: gilashi aikin kamfani ne. Sai da ƙaton tanderu da tarin ma'aikata. Mai zane ya zana a takarda, leburori su busa, shi bai isa ya taɓa bututun ba.

Uban ya so ya gaje shi a kimiyya, ɗan kuwa zuciyarsa na wajen fasaha. Bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ƙware a ginin tukwane, kuma a 1951 ya fara koyar da aikin yumɓu a Jami'ar Wisconsin da ke Madison. Tukwanensa sun yi suna, amma tambaya ɗaya ta hana shi sakat. Tun da maginin tukwane na iya gina matoyarsa a bayan gida, me zai hana mai gilashi? A ƙarshen shekarun 1950 ya je Turai, ya leƙa ƙananan masana'antun tsibirin Murano da ke Italiya, ya dawo gonarsa ya shiga gwaji.

(Gajeren kiɗa)

A watan Maris na 1962, shugaban gidan adana kayan fasaha na birnin Toledo, Otto Wittmann, ya ba shi aron wani gareji. Littleton ya tara mutane ƙalilan, galibinsu masu aikin yumɓu irinsa, suka jera bulo suka yi ɗan ƙaramin tanderu, suka zuba haɗin yashi da sinadarai. Abin ya ƙi. Haɗin bai narke yadda za a iya busa shi ba.

Nan ne labarin ya fi daɗi, domin waɗanda suka ceci taron ba 'yan fasaha ba ne. Na farko Dominick Labino, masanin bincike a kamfanin Johns-Manville, wanda ya gyara tsarin tanderun ya kuma kawo wasu ƙananan ƙwallayen gilashi da kamfaninsu ke yin zare da su. Su waɗannan ba sa bukatar zafi mai tsanani kamar haɗin farko kafin su narke. Na biyu wani dattijo ne, Harvey Leafgreen, da ya yi ritaya daga busa gilashi a masana'anta. Ya karɓi bututun ya nuna musu yadda ake yi.

Bari mu kwatanta wa mai sauraro aikin. Za ka tura dogon bututun ƙarfe cikin wutar da zafinta ya haura digiri 1,000, ka naɗo gilashin a bakinsa, yana malala kamar zuma. Hannunka ba zai daina juya bututun ba, in ka tsaya ya zube. Ka hura iska kaɗan, ka mayar wuta, ka fito, ka daidaita, ka sake hurawa. In ka gama kuma ba a ajiye shi a fili, sai a sa shi a wani tanderun ya huce a hankali, sau da yawa har ya kwana, in ba haka ba ya tsage. Abin da suka busa a garejin nan 'yan ƙananan kwalabe ne karkatattu, amma sun tabbatar da cewa mutum ɗaya zai iya.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya: ƙaramin tanderu ba sabon abu ba ne a duniya. Mutanen Masaga a Bida sun daɗe suna narka gilashi a ɗakunansu suna yin awarwaro da tsakiya. Sabon abin da Littleton ya yi shi ne shigar da wutar cikin jami'a. A 1963 Wisconsin ta zama jami'ar farko a Amurka mai kwas na sarrafa narkakken gilashi. A Murano iyalai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ɓoye sirrin sana'ar, shi kuwa duk wanda ya zo sai ya nuna masa, har ya bi jami'o'i yana nema wa ɗalibansa gurbin koyarwa. A cikin ɗaliban nasa, Marvin Lipofsky ya buɗe sashen gilashi a Berkeley a 1964. Sam Herman ya kai aikin Royal College of Art a Landan. Dale Chihuly, wanda ya fi su suna a yau, ya kafa makarantar Pilchuck tare da wasu a 1971.

Littleton ya shahara da ra'ayin cewa gwanintar hannu abu ne mai araha, tunanin mai fasaha shi ne mai tsada. Ya faɗi haka ne don kada ɗalibai su tsaya ga burge mutane da iya busa. Duk da haka ni ban bi shi duka ba. Ba don gwanintar hannun dattijo Leafgreen ba, wadda ya shafe rayuwarsa yana tarawa a bakin wuta, da taron Toledo ya watse da tunani kawai.

Ayyukansa mafi kyau sun zo ne bayan ya bar koyarwa ya koma Spruce Pine a jihar North Carolina a ƙarshen shekarun 1970. Yakan lulluɓe launi kan launi a cikin gilashi garau, ya ja shi ya yi tsawo, ya bar nauyinsa ya lanƙwasa shi, sannan ya yanka ya goge bakin, sai ka ga launukan zobe-zobe a ciki. Ya kuma raya dabarar buga zane a takarda da farantin gilashi, ya gayyaci masu zane da dama suka gwada. A 1990 ciwon baya ya raba shi da aikin wuta, sai ya ci gaba da bugun zanen. Ya rasu a watan Disamba na 2013 yana da shekara 91.

 

(Kiɗan rufe shiri)