Ɗakin Haya A Kurmi: Laima Ce Abokiyar Gāba

Duk wanda ya baro Arewa ya kama ɗaki a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, da dabarun gida ya zo. A can ƙura da zafi muke yaƙi da su. To, a nan kurmi kiɗa ya sake, tilas rawa ma ta sake. Ruwan da ake yi a Ikko a shekara ya kusa ninka na Kano, kuma daga Afrilu har Oktoba iska ba ta rabuwa da danshi.

Laimar nan ita ke sa ɗaki wari, ta sa takalmin fata da babbar riga su yi fumfuna, ta tayar wa yara tari. Turaren wuta ba ya korar ta, ɓoye warin kawai yake yi.

Maganinta iska da rana. Da gari ya waye a buɗe taga da ƙofa tare, don iska ta ratsa. Kada a ajiye akwati a kan siminti. A sa masa katako ko bulo a ƙarƙashi. Gado kuwa a janye shi daga bango kamar taƙi guda. Ranar da rana ta fito, a shanya katifa da tabarma da kayan sawa. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da aka aiko daga gida, a zuba su cikin gwangwani mai murfi, in ba haka ba mako kaɗan sun lalace.

Sauro a ruwan da ya kwanta yake haihuwa. A kife tsofaffin gwangwanaye da ke bayan ɗaki, a rufe randa, a kwana cikin gidan sauro.

Abu guda kuma ba na wasa ba ne: kada a kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki don ana ruwa. Gubar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci.

Daga ƙarshe, ɗaki ba ya daɗi in tsakar gida ba lafiya. Inda ake tarayyar kicin da makewayi, ranar shararka ka yi ta, in dare ya yi ka rage rediyo. Mai gida da maƙwabta suna gani, kuma da halinka za su auna ɗan'uwanka da zai zo neman ɗaki gobe.