Filin Ƙwallo A Saman Layin Dogo: Nawa Zai Ci, Wa Zai Biya?

Da zarar an sallame sallar la'asar a Garo, samari sukan nufi fili da ƙwallonsu. Haka abin yake a Kabo da Gwarzo. Duwatsu biyu sun isa raga, kuma ba a biyan ko kwabo. Amma filin ƙwallo irin na manyan birane ba haka yake ba. Yana cin kuɗi masu yawa, kuma kafin a aza tubali ɗaya sai an sha jayayya a kan fili. Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake, domin sau da yawa kuɗin jama'a ne ake zubawa.

Me ya kawo layin dogo cikin maganar?

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911. A lokacin an kafa tasharsa a bayan ganuwa. Yau gari ya bunƙasa har ya kewaye ta. Haka ya faru a birane da yawa na duniya. Kusa da kowace babbar tasha akwai makeken fili mai layuka da yawa, inda ake ajiye taragai, a wanke su, a gyara su. Idan fili ya yi wuya a gari, sai idon kowa ya koma kan wannan wuri.

To amma ba a iya korar jiragen, domin jama'a na bukatarsu. Sai magina suka samo dabara. Ana kafa manyan ginshiƙai a tsakanin layukan, a shimfiɗa rufin ƙarfe da kankare a kansu, sa'an nan a yi gini a sama. Jirgi na wucewa a ƙasa, mutane na harkarsu a sama. Kamar dai yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu, kaji na kiwo a ƙarƙashinsa.

Wannan dabara tana da tsada ƙwarai. Dole ginshiƙan su nutse har su taras da dutse. Dole a yi aikin ba tare da an tsayar da jirage ba. Dole a sa fitilu, da hanyar iska, da ƙofofin tsira idan gobara ta tashi. Duk wannan kuɗi yana tafiya tun ba a fara ginin filin wasan ba.

Abin da ya faru a Niyok

A birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai irin wannan wuri a gefen Kogin Hudson. Faɗinsa eka 26 ne, kuma hukumar sufuri ce ke da shi. Magajin garin lokacin, Michael Bloomberg, ya so a gina filin wasa mai ɗaukar mutum 75,000 a saman rabin wurin. Ƙungiyar Jets, mai buga irin ƙwallon Amurkawa da ake ɗauka da hannu, ita za ta zauna a ciki. An kuma yi fatan filin zai sa a ba birnin wasannin Olamfik na 2012.

Da farko an ce aikin zai ci dala biliyan 1.4. Biliyan ɗaya ita ce miliyan dubu. Kafin a jima, lissafi ya haura dala biliyan 2. Daga ciki, an nemi gwamnatin birni da ta jiha su biya dala miliyan 600 don shimfiɗar da za ta rufe layuka da kuma rufin sama. Wannan kuɗin harajin talakawa ne.

Sai cinikin fili ya taso. Jets ta fara tayi da dala miliyan 100. A farkon 2005 wani kamfani mai suna Cablevision ya shigo, ya taya dala miliyan 600, ya ce shi gidaje da ofisoshi zai gina. Kamfanin yana da nasa zauren wasanni a kusa, saboda haka ba ya son kishiya. Da hukumar sufuri ta ga haka, sai ta buɗe ciniki ga kowa. Cablevision ya kai miliyan 760, Jets ta kai miliyan 720. A watan Maris na 2005 hukumar ta sallama wa Jets.

Duk da haka ba a yi ginin ba. Mazauna unguwar sun koka da cunkoson motoci. Wasu suka ce makarantu sun fi bukatar kuɗin. Ranar 6 ga Yuni, 2005, shugabannin majalisar jihar suka ƙi amincewa a fitar da kason jiha. Nan magana ta mutu. Bayan wata ɗaya aka ba Landan wasannin Olamfik.

Daga baya wani kamfanin gine-gine ya karɓi hayar wurin na shekara 99. Ya rufe ɓangaren gabas, ya gina dogayen benaye na ofisoshi da kantuna da gidaje, aka buɗe a 2019. Ita kuwa Jets ta haɗa kai da wata ƙungiya, suka gina fili a maƙwabciyar jiha, a kan ƙasa sosai, aka buɗe shi a 2010. Shi ne filin da aka zaɓa don wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2026.

Darasi na farko a nan shi ne: da ba a sami mai tayi na biyu ba, da an sallama dukiyar jama'a da araha. Ciniki a fili shi ke nuna darajar kaya.

A gida Nijeriya

Ba a taɓa gina filin ƙwallo a saman layin dogo a Kano ba. Amma maganar tsada da rigimar fili ba baƙuwa ba ce. An gina babban filin wasa na Abuja don wasannin Afirka na 2003. Yana ɗaukar mutum 60,000, kuma ya ci kimanin dala miliyan 360. Bayan wasu shekaru ciyawarsa ta lalace, har Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ta a 2020. Babban filin Surulere na Legas, wanda aka yi wasannin Afirka na 1973 a cikinsa, shi ma ya yi shekaru a yashe. Darasi na biyu ke nan: haihuwa daban, raino daban. Bayan gini akwai kuɗin ruwa, da wuta, da ma'aikata, da gyara, kowace shekara.

Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da Kofin Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Abin da ya taimake shi shi ne ƙungiyar Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, mai tarin magoya baya. Filin da ke da masu shiga kowane mako ya fi wanda aka gina don biki ɗaya amfani.

A nan Ƙofar Mata kuma akwai Filin Idi. An gina shaguna a jikinsa a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su, magana ta kai kotu. Kowa da hujjarsa, amma dukiya mai yawa ta salwanta. Darasi na uku: a daidaita kan amfanin fili tun kafin a zuba siminti.

Tambayoyin da jama'a za su yi

Garo ba ta da tashar jirgi, amma tana da filayen jama'a: na makaranta, da na Idi, da na kasuwa, da na kiwo. Wata rana za a iya zuwa da shawarar gina wani abu a ɗaya daga ciki. Matasa za su so filin ƙwallo, 'yan kasuwa su so rumfuna, iyaye su so ƙarin ajujuwa. Idan ranar ta zo, ga abin da ya dace a tambayi kansila da shugaban ƙaramar hukuma a gaban dagaci:

1. Filin na wane ne, kuma ina takardarsa?
2. Nawa aikin zai ci gaba ɗaya, har da katanga da hanya da ruwa?
3. Wa zai biya, kuma wane aiki za a fasa saboda shi?
4. An ba wasu dama su kawo tasu shawarar?
5. Wa zai kula da wurin bayan an gama?

Wanda ya iya karatu zai duba takarda da idonsa, ya karanta allon kwangila, ya rubuta amsar da aka ba shi don gobe. Wannan yana cikin ribar zuwa ajin yaƙi da jahilci. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, amin.