Samarin Garwa, Ku Yi Hattara da Kokawar Jiu-jitsu ta Cikin Waya

Samari, iyaye da masu horar da 'yan wasa a Garwa, Marwa, Ngaundare da Gidar, ku ba ni kunnuwanku. Wata kokawa ta shigo mana ta wayar hannu. Sunanta jiu-jitsu ta Brazil. Tun da Francis Ngannou, ɗan garin Batié, ya ci kambun masu nauyi na gasar faɗa ta UFC a watan Maris na 2021, yaran Kamaru suka ga wata sabuwar hanyar yin suna. Duk mai kallon wannan faɗa ya san wani babban ɓangarensa a ƙasa ake yin sa: shaƙe wuya, lanƙwasa hannu, murɗe ƙafa. Yaro ya kalli bidiyon daƙiƙa talatin. Ya kira ƙanensa ko abokinsa. Su gwada a zaure, a kan daɓen siminti, ko a yashin bakin Binuwai. Babu malami. Babu katifar wasa. Babu wanda ya gaya musu inda ake tsayawa.

Wasan kansa ba shi da laifi. Wani ɗan Japan, Mitsuyo Maeda, ya isa Brazil a 1914, iyalan Gracie suka koya daga wurinsa suka gyara shi yadda ƙarami zai iya rinjayar ƙato. A 1993, a birnin Denver, Royce Gracie mai nauyin kusan kilo 80 ya cinye gasar UFC ta farko da wannan dabara. Amma a makarantun da ake koyar da shi bisa ƙa'ida, ɗalibi kan shafe wajen shekara goma kafin a ɗaura masa baƙar ɗamara. Abin da ake fara koya masa shi ne yadda zai faɗi da yadda zai sallama. Waɗannan biyun kuwa ba a sa su a bidiyo, don ba sa jan 'yan kallo.

Sallamawar nan ita ce babbar matsalarmu. A kokawar da muka gada, ta Hausawa ko ta Masa da Tupuri, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A buga ganga, a ɗaga gwani, wanda aka kayar ya kakkaɓe yashi ya tafi gida da gaɓoɓinsa. A jiu-jitsu nan ne ake farawa. Kuma babban abin da ke raba faɗan shi ne wanda aka kama ya bubbuga abokin karawarsa da tafin hannu, alamar ya sallama. Mu kuwa an raine mu a kan cewa namiji ba ya cewa wayyo. Ƙasar da ake shaɗi, a tsula wa saurayi bulala yana murmushi, yaya za ka ce wa yaronta ya sallama a gaban abokansa? Sai ya cije. Gwiwar hannu ba ta san jarumta ba. Ranar 23 ga Oktoba 1951, a filin Maracanã na Rio de Janeiro, Masahiko Kimura ya kama hannun Hélio Gracie ya murɗa. Hélio ya ƙi sallamawa. Hannun ya karye, sai da yayansa Carlos ya jefa tawul aka tsayar. Har yau da sunan Kimura ake kiran wannan kamu. Idan Hélio, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wasan, bai tsira da taurin kai ba, ɗan shekara goma sha shida a unguwar Yelwa ko Pumpumre ba zai tsira ba.

Gwiwar ƙafa ta fi hannu mugunta, domin ba ta yin kashedi. Akwai kamun da ake maƙale diddige a hammata a juya. Wanda aka kama ba ya jin zafin kirki har sai jijiyoyin cikin gwiwa sun tsinke. Ƙara ɗaya ake ji, tas, shi ke nan. Saboda haɗarinsa, hukumar IBJJF da ke shirya manyan gasanni ta daɗe da haramta shi, sai a 2021 ta yarda da shi, shi ma ga manya masu ɗamara ruwan ƙasa da baƙa kawai, a gasar da ba a sa riga. Abin da aka hana wanda ya yi shekara huɗu yana horo, shi yaranmu ke gwadawa a makonsu na farko.

Ku tuna ranar Lahadin da Tunisiya ta fitar da Najeriya a wasan ƙwallon ƙafa a filin Roumdé Adjia, 23 ga Janairu 2022. Da sassafen ranar, masu waya sun kalli Ngannou yana doke Ciryl Gane a Amurka. Jama'a sun yi ta murna, ya cancanta. Sai dai ya shiga faɗan ne da jijiyoyin gwiwa da suka lalace a wajen horo makonni kaɗan kafin nan. A watan Maris aka yi masa tiyata, ya ƙarasa shekarar yana jinya. Shi yana da likitocin duniya da kuɗin biyan su. Ɗan acaɓa ko mai ɗaukar buhunan auduga da gwiwarsa ta tsinke fa? Irin wannan tiyata tana son ƙwararren likitan ƙashi, da hoton cikin gaɓa mai tsada, da wata tara zuwa shekara na gashi da motsa jiki. Gidan da ke ci daga wannan ƙafa zai ji a tukunya.

Sai a ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori. Masu ɗori sun san karaya da targaɗe, ba a raina musu. Amma jijiyar cikin gwiwa kamar igiyar guga ce da ta tsinke a cikin rijiya: shafa mai a bakin rijiyar ba ya ƙulla ta. Kumburi ya sabe, yaro ya ce ya warke, ya koma wasa. Gwiwa ta riƙa zamewa. Guringuntsi ya riƙa cinyewa. Kafin ya kai arba'in sallah a tsaye ta zama aiki. Duk gwiwar da ta yi ƙara, ta kumbura nan take, ko take sulluɓewa in an taka, asibiti za a kai ta.

Wuya kuma maganar rai ce. Shaƙar jiu-jitsu galibi ba numfashi take tarewa ba, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa take matsewa. Cikin wajen daƙiƙa goma mutum ya sume. Wanda ya shaƙe shi daga baya ba ya ganin fuskarsa. Ya ɗauka taurin kai ne, ya ƙara matsewa. Mintuna kaɗan ƙwaƙwalwa ke jure rashin jini. Yara na yi wa juna wannan a matsayin wasa, har su ɗauki bidiyo suna dariya. Ku hana su yau. In wani ya sume, a sake shi nan take, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa a baki. In bai farfaɗo cikin minti ɗaya ba, a nufi asibiti. Ko ya tashi garau, a sa masa ido kwana biyu zuwa uku. Ciwon kai mai tsanani, baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ɗaya ya mutu: wannan ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Jijiyar wuya ce ta tsage, shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe.

Faɗuwa a kan kai ma haka. A 2018, a wata makarantar jiu-jitsu kusa da San Diego, wani ɗan koyo ya karye a wuya lokacin da malaminsa mai baƙar ɗamara ya juya shi. A 2023 kotu ta yanke a biya shi dala miliyan 46. A kan katifa mai kyau abin ya faru, a hannun gwani. A nan ba mai biyan ka ko dala ta sefa. Kuma abin da muka saba yi wa wanda ya faɗi shi ne ya fi kashe shi: a ciccibe shi, a sa shi tsakanin mutum biyu a kan babur, kai yana lilo har asibiti. Wanda ya ce wuyansa, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi. Mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu. A mirgina shi gaba ɗaya a kan katako ko ƙyauren ƙofa. A nemo mota.

Ga kuma zafin garinmu. A Maris da Afrilu ma'auni kan haura 40 a Garwa. Ɗaki mai rufin kwano, riga mai kauri, mutum biyu manne da juna suna zufa. Wasu har leda suke sawa a jiki wai su rage nauyi kamar yadda suka ga ƙwararru na yi. Ƙwararrun ma mutuwa suke yi. A Disamba 2015, Yang Jian Bing, ɗan China mai shekara 21, ya rasu a Manila yana ƙoƙarin sauke nauyi kafin faɗa. Wanda ya yi horo mai tsanani ya ga fitsarinsa ya koma kalar shayi, tsokarsa ce ke narkewa tana toshe ƙoda. Kada ya jira gobe. Mai ɗauke da ƙwayar sikila, ko da bai taɓa kwanciya ba, haɗarinsa ya fi yawa a irin wannan yanayi, kuma da yawa ba su san suna da ita ba. A watan azumi a mayar da horo bayan an sha ruwa. A sauran watanni, da asuba ko bayan magariba.

Maganar tiramol ba sai an ɓoye ba, kowa ya san yadda ta cika arewacin ƙasar nan. Ɗan wasan da ya sha ta ya toshe kunnen da jiki ke yi masa magana da shi. Ana murɗe masa kafaɗa ba ya ji. In ta yi yawa sai jijjiga irin ta farfaɗiya. Diclofenac da ake saye a tebur a haɗiya kafin horo, a jikin da ruwa ya ƙare, yana iya kai mutum ga wankin ƙoda. Dexa da ake sha don a cika riga kumburi take kawowa, ta raunana ƙashi da tsoka. Allurar gina jiki da ake sayarwa a ɓoye kan sa tsoka ta fi ƙarfin jijiyar da ke riƙe da ita, ranar da aka yunƙura sai ta tsinke.

Akwai abin da bidiyon Turawa ba zai taɓa gaya muku ba, don ba su da shi. Zazzaɓin cizon sauro na kumbura saifa. A jiu-jitsu kuwa akwai inda ake ɗora gwiwa a cikin mutum a danna da dukan nauyi. Kumburarriyar saifa na iya fashewa, jini ya zuba a ciki ba a gani. Wanda ya tashi daga zazzaɓi ya huta tukuna. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, da jiri, da zufa mai sanyi bayan wasa, na gaggawa ne.

Katifar da ba a wankewa ita ma tana rabon nata: makero, ƙazuwa, maruru. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankunanmu na arewa, kuma ta jini yake bi. Wanda ya yanke ya fita, a ɗaure, a goge wurin da ruwan javel. Akwai allurar rigakafinsa, a je a yi. A yanke farce. Kada a yi aron riga.

To, me ke kare jiki? Ƙarfi, amma wanda aka gina a hankali. A 2014 wasu masana a Denmark sun tattara gwaje-gwaje 25 da suka shafi mutum sama da 26,000. Sun gano horon ƙarfi na rage raunin 'yan wasa zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, miƙe jiki kaɗai kuwa bai nuna wani tasiri ba. Sai dai ku dubi yadda ake ɗaga ƙarfe a lungunanmu. An zuba siminti a gwangwani biyu, an soka bututu a tsakiya, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Kowa ƙirji da damtse yake nema, na hoto. Ƙafa kamar ta tsuntsu. Mai kokawar ƙasa cinya yake buƙata, gaba da baya, da ƙugu, da gadon baya, da riƙon hannu. Tsugunno da tashi, ɗaga kaya daga ƙasa da baya a miƙe, jan jiki a sanda, tafiya da jarkar ruwa a kowane hannu. Sau biyu ko uku a mako ya isa. A ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, don tsoka na riga jijiya ƙarfi da watanni. Wuya a tura shi da tafin hannu ta ɓangare huɗu, a bar kafa kai a ƙasa ana jujjuyawa. Minti goma na ɗumama jiki kafin a taɓa juna. Barci, da abinci: wake, gyaɗa, nono, kifin Lagdo.

Iyaye, ku tambayi yaranku inda suke zuwa da yamma, ku je ku gani da idonku. Wa ke koyarwa, a ina ya koya, wa ya ba shi ɗamara? Akwai katifa? In babu malamin jiu-jitsu na gaske a kusa, ku kai yaron wurin masu judo, can ne asalin wasan, kuma za a koya masa faɗuwa. Masu horarwa, ku hana murɗe diddige da shaƙa ga sababbin shiga da yara ƙanana, ku kori duk wanda aka sallama masa bai saki ba, kome gwanintarsa. Ku kuma samari, ku yi alkawari da abokin wasanku tun kafin ku kama juna: in na buga ka saki, in ka buga na saki. Wanda bai yarda da wannan ba, kada ku ba shi wuyanku.