Labarin Ginger Baker, Makaɗin Da Ya Zauna Ikko

Masu karatunmu da suka taɓa zama kusa da makaɗa sun san halinsu: akushi ɗaya suke ci, amma kishi ba ya barin zukatansu. To, ashe na Turai ma haka suke.

An haifi Peter Baker a wata unguwa ta London, watau Lewisham, cikin 1939. Jan gashinsa ya sa aka yi masa laƙabi Ginger. Ubansa magini ne, aka kashe shi a fagen yaƙi cikin 1943, yaron yana shekara 4. Da ya tasa sai ya kama kiɗan ganguna irin na Turawa, wanda mutum ɗaya ke zama ya kaɗa da hannu da ƙafa. Shi manyan gangunan ƙafa biyu yakan girka, maimakon ɗaya da aka saba.

Cikin 1966 ya nemi Eric Clapton, gwanin gita, su kafa ƙungiya. Clapton ya yarda, amma da sharaɗi, sai an sa Jack Bruce. Nan fa ake yin ta, gama Baker da Bruce sun riga sun yi aiki tare, sun yi ta faɗa, har Baker ya taɓa zare masa wuƙa. Duk da haka ya haƙura. Suka sa wa ƙungiyar suna Cream, watau ma'ana su ne man da ke bisa nono. Ba ƙarya suka yi ba, faifansu ya watsu Ingila da Amurka. Amma rigimar ba ta kwanta ba, kuma ƙarar kayan Bruce ta dami kunnen Baker. Ran 26 ga Nuwamba, 1968, suka yi kiɗan ban kwana a babban zauren Royal Albert Hall, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne inda Baker ya dosa. Cikin 1971 ya ratso hamadar Sahara cikin mota har Ikko. Ya yi kiɗa da Fela Kuti, ya gina ɗakin ɗaukar faifai a Ikeja, a nan ƙasar kuma ya koyi ƙwallon dawaki, wasan da ya riƙa cinye masa dukiya har tsufansa. Ɗakin faifan bai ɗore ba. Mugun ƙwaya kuwa da ya saba da ita tun ƙuruciya ta daɗe tana wahal da shi, har ya koma Italiya noman zaitun don ya rabu da ita.

In ban da ɗan taƙaitaccen kiɗa cikin 1993, ba su sake hawa dandali tare ba sai watan Mayu, 2005. Lokacin duk sun tsufa, Bruce ma an yi masa dashen hanta cikin 2003. Dare huɗu suka yi a zauren nan da suka rabu, jama'a suka cika shi maƙil, aka tashi lafiya.

Da sun tsaya nan, a ganinmu, da ya fi. Amma suka ƙetara New York cikin Oktoba, suka yi dare uku. Can Baker ya koka cewa Bruce ya sake ƙure ƙarar kayansa kamar dā, tsohuwar gaba ta tashi. Ba su ƙara kiɗa su uku ba. Bruce ya mutu cikin 2014, Baker kuwa ran 6 ga Oktoba, 2019, yana da shekara 80.